Yadda za ku samo kuɗin rumfa ma lakwal ɗin ƙauyenku

Duk wanda ya san lakwal ɗin ƙauye a jihar Tawa cikin Afrilu da Mayu ya san zancen, zafi ya haura digiri 40, yara sun fito rekreyasiyo ba inda za su laɓe sai gindin bangon aji, wasu ma su gudu gida ba su dawowa sai gobe. Rumfa ba abu ne mai wuya ba, kuɗin ne matsala, kuma akwai masu badawa amma sai an bi ta hanya.

Farko dai kar mushe ko darakta ya ɗauki takarda shi kaɗai ya tafi nema. Ku bi ta CGDES, wato kwamitin kula da lakwal da muka fi sani da COGES, a kira babban taro da iyayen yara da ƙungiyar uwaye da maigari a sa rumfar cikin tsarin aikin shekara tun buɗe lakwal a Oktoba, a rubuta takardar taron kowa ya sa hannu. Wannan tsarin ma nan Tawa aka fara ƙarfafa shi a 2004 da furojen Japan na École pour tous, don haka masu bada tallafi sun san shi, in ba su ga hatimin kwamiti ba dosiyen ku zai kwana cikin durowa ne kawai.

Don Allah kar ku nemi kuɗin zana da kara. Tun gobarar unguwar Pays-Bas a Yamai cikin Afrilu 2021 da ta Maraɗi a Nuwamba na shekarar, inda yara da dama suka rasu cikin azuzuwan zana, Allah ya jiƙan su, ba mai son sunansa ya fito kan irin wannan aikin. Ku nemi ta ƙarfe da kwano. Ku je wajen mai walda biyu ko uku a Tawa ko Konni ko Madawa kowa ya rubuto muku dabi, wato takardar ƙiyasin kuɗin aiki, dalla-dalla, tsawo da faɗi, ƙarfe nawa, kwano nawa, siminti buhu nawa, har kuɗin motar da za ta kai kaya ƙauye, wannan na ƙarshen shi ake yawan mantawa sai aiki ya tsaya a rasa mai biya. Kuma ku gaya ma mai waldar da kuka zaɓa ya ɗaga rufin sama sosai, mita 3 ko fiye, don kwano in ya yi ƙasa gara ma tsayuwa a rana, ginshiƙan kuma a dasa su cikin kankare saboda iskar farkon damina da ke tasowa daga gabas ba ta wasa da rufi.

Sai gudummawar gari, nan ne ake gane masu gaskiya. Rairayi, tsakuwa, ruwa, ginar ramu, amalanken wane, duk ku ƙimanta su da sefa ku rubuta. 'Yan bidarmu na Abijan da Libiya ku tura musu dabin a gurup na WhatsApp, jika biyar jika goma in ta taru ba kaɗan ba ce, kuma a ganina dosiyen da ya nuna gari ya riga ya tara wani abu ya fi shafi ashirin na Faransanci mai daɗi.

Ina za a kai? Kofi ɗaya wajen sufeton lakwal, ɗaya ma'aikatar magajin gari kafin ƙarshen shekara lokacin da ake tsara kasafin baɗi, ku tambaya ko aikin zai shiga PDC, wato tsarin ayyukan raya komin ɗin, tunda ta komin ne kuɗin ANFICT, hukumar gwamnati da ke ba komin-komin kuɗin ayyuka, ke biyowa. Sannan ONG da ke aiki a yankinku, musamman masu kantin, don su ma suna son wurin da yara za su zauna su ci abinci. Ku haɗa da hoton yaran cikin rana da adadinsu, mata nawa maza nawa. Wanda ya ce ku ba shi kuɗi ya "tura" muku dosiye, ku rabu da shi.

In kuɗi sun fito su shiga kwantin kwamiti mai sa hannun mutum biyu, a karanta lissafi gaban taro, ku adana kowane rasi ko na ƙusa ne, ku aika hoton aikin ga wanda ya bada kuɗin. Damina na sauka ku dasa bedi kewaye da rumfar ku yi mishi shingen ƙaya saboda awaki.