Yadda ake shan kiriyatin don gina tsoka ba tare da ka cutar da kanka ba

Idan ka fara ɗaga ƙarfe kana tunanin haɗawa da kiriyatin (creatine), wato garin da masu atisaye ke sha don ƙara wa tsoka ƙarfi, to ka fara cire wa ranka cewa wai sitiroyid ne, irin magungunan kumbura tsoka da aka hana a wasanni, wallahi ba shi ba ne. Jikinka ma da kansa yana haɗa shi a hanta da ƙoda, kamar giram 1 a rana, kana kuma samun wani a nama da kifi. Tun 1832 wani masanin kimiyya ɗan Faransa mai suna Chevreul ya gano shi a cikin nama, kuma hukumar WADA mai sa ido kan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ba ta hana shi ba. Kusan kashi 95 cikin 100 na wanda ke jikinka a tsoka yake zaune, aikinsa ya yi saurin maido wa tsoka ƙarfin da take ƙonawa a 'yan daƙiƙun farko na aiki mai nauyi, shi ya sa za ka ga inda ka saba ajiye ƙarfen ka iya ƙara ɗagawa ɗaya ko biyu, to wannan ƙarin da ke taruwa mako bayan mako shi ne yake gina tsokar. Wanda ya sha ya kwanta ruwa kawai zai tara.

Wajen saye ka juya robar ka karanta, ka tabbata an rubuta creatine monohydrate, shi ne wanda aka fi yi wa bincike kuma galibi ya fi araha, sauran masu dogon suna ba a nuna sun fi shi aiki ba. In ka ga tambarin gwaji irin su Informed Sport ko NSF Certified for Sport ya fi, saboda babban haɗarin sau da yawa jabu ne ko garin da aka cakuɗa da abin da ba a rubuta ba, dan Allah kar ka sayi wanda aka ɗura a leda ba suna ba komai.

Awo kuwa giram 3 zuwa 5 kullum, har ranar da ba ka je wurin atisaye ba. Safe ko dare duk ɗaya, muhimmi dai kar ka riƙa tsallake kwanaki. Ka zuba a kofin ruwa ka motsa sosai, a ruwan sanyi za ka ga ya kwanta a ƙasa kamar yashi, ƙara ruwa ka karkaɗa ka shanye ko ka sa ruwa mai ɗan ɗumi.

Akwai tsarin lodi da wasu ke yi, giram 20 a rana a raba gida huɗu na kwana 5 zuwa 7 sannan a dawo ƙaramin awo. Yana cika tsoka da wuri amma shi ne ya fi kawo murɗawar ciki da gudawa, ni shawarata ka bar shi, da ƙaramin awon ma cikin mako 3 zuwa 4 za ka kai inda mai lodi ya kai. Kuma in sikeli ya nuna ka ƙara kilo 1 ko 2 da farko kar ka tsorata, ruwa ne tsoka ta ja ba kitse ba, ka dai riƙa shan ruwa isasshe.

Maganar ƙoda ita ce nake so ka nutsu a kai. A masu lafiya bincike na shekaru bai nuna yana lalata ƙoda ba, amma idan kana da ciwon ƙoda, ko ciwon suga ko hawan jini da ka daɗe da shi, ko kana kan magani kullum, kar ka fara sai likita ya duba ka, haka mai ciki da mai shayarwa da yaron da bai kai 18 ba. Sannan jiki yana mayar da kiriyatin ya zama kiriyatinin, wanda shi ake aunawa a jini in ana gwajin ƙoda, sai sakamakon ya ɗan hau a ɗauka akwai matsala, don haka kafin a ɗebi jininka ka faɗa wa likita kana sha.

Zancen da ake yi cewa kiriyatin yana kawo zubewar gashi ya samo asali ne daga wani bincike na 2009 kan 'yan wasan rugbi a Afirka ta Kudu inda aka ga sinadarin DHT, wanda ake dangantawa da sanƙo, ya ƙaru bayan sun sha kiriyatin, amma ba su auna gashin kowa ba. In ka daina sha kuma, cikin mako 4 zuwa 6 awon da ke tsoka zai koma yadda yake, ruwan ya sauka, tsokar da ka gina tana nan muddin kana ci gaba da atisaye da cin abinci mai furotin.