Darasi na 9: Ciwon Mara Lokacin Al'ada Ga 'Yan Mata Ɗalibai

Wannan darasi na iyaye mata ne masu 'ya'ya a jami'a ko kwaleji, da duk macen da mara ke murɗa mata idan al'adarta ta zo. Maza ma su saurara da kyau, domin sau da yawa su ke ba da kuɗin magani, su ake tambaya kafin a je asibiti.

Me ke kawo ciwon?

Kowane wata mahaifa takan yi shimfiɗa mai taushi a cikinta, tana jiran ciki. In ciki bai shiga ba, sai shimfiɗar ta ɓalle ta fito tare da jini. Kafin ta fito sai mahaifa ta riƙa matse kanta tana saki, kamar yadda ake matse tunkuza a fitar da man gyaɗa. Wani sinadari da likitoci ke kira furostagilandin ne ke sa ta wannan matsa. Macen da sinadarin ya yi yawa a jikinta, matsar takan yi ƙarfi har jini ya ragu a naman mahaifar na ɗan lokaci. Daga nan ciwon ke tasowa. Yakan sauka ƙugu da cinyoyi, wata har da amai, gudawa, jiri da ciwon kai. Yakan fara kwana 1 kafin ganin jini ko a ranar farko, ya lafa cikin kwana 2 zuwa 3.

Saboda haka yarinyar da ta kira gida tana kuka, ba shagwaɓa take yi ba. Kada a ce mata, "Yi haƙuri, in kin yi aure zai daina." Gaskiya ne wasu kan samu sauƙi bayan haihuwar fari, amma wasu ba sa samu. Kuma jarrabawa ba ta jiran aure. Ɗalibar da ke rasa lacca kwana 2 duk wata, ta yi asarar karatu mai yawa kafin zango ya ƙare, ga ta a hostel inda ruwa ma sai an yi layi, babu uwa kusa balle a dafa mata ruwan zafi.

Abin da ke taimakawa

Ɗumi na sassauta mahaifa. A zuba ruwan zafi a gora mai murfi, a naɗe ta da tawul, a ɗora a mara. Kada a ɗora ta kai tsaye a fata, tana ƙonawa. Shayin citta na taimakon mata da yawa, haka ma tafiya a ƙafa da motsa jiki a sauran ranakun wata.

A cikin magungunan kemis, ibuprofen da mefenamic acid suna rage sinadarin nan da muka ambata, shi ya sa suka fi paracetamol aiki a kan wannan ciwo. Amma akwai lokacin shan su. A sha da zarar an ji alamar farko ko an ga jini, kada a bari sai ciwo ya kwantar da mutum. Babbar mace takan sha ibuprofen miligiram 400 duk bayan awa 8, bayan ta ci abinci, na kwana 2 ko 3 kawai. Mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda, mai asma da wadda ke zaton tana da ciki kada su sha sai likita ya yarda.

A nan ne ɗalibai suka fi cutuwa. Ƙawar ɗaki ta miƙo ƙwaya, wata ta miƙo wata, yarinya ta haɗa ibuprofen da diclofenac ta haɗiye a kan yunwa. Dangi ɗaya ne, haɗa su ba ya ƙara sauƙi, sai dai ya ci bangon ciki. Mafi muni shi ne tiramol da kodin. Suna kwantar da ciwo yau, gobe jiki ya saba da su ya kasa bari. Uwa ta tambayi 'yarta a fili: "Wace ƙwaya kike sha? Karanta mini sunan da ke jikin kwalin."

Yaushe za a je asibiti?

Akwai ciwon marar da wata cuta ce ke ɓoye a bayansa, irin su ƙarin mahaifa, ciwon sanyi da ya hau sama, ko tsirowar irin shimfiɗar mahaifa a wajen mahaifa. A ga likita idan ciwon na ƙaruwa wata bayan wata, ko yana zuwa ba lokacin al'ada ba, ko magani ya kasa har wata 3. A je idan jini ya wuce kwana 7, ko audugar mata na jiƙewa duk awa 1 ko 2, ko akwai zazzaɓi da ruwa mai wari. Wadda al'adarta ta yi jinkiri, sannan ciwo mai tsanani ya soke ta a gefe ɗaya, a kai ta asibiti nan take ko da tsakar dare ne, domin yana iya zama ciki a wajen mahaifa, kuma yana kisa. Jami'o'i suna da asibitin ɗalibai. Mai jin kunya tana iya roƙon a haɗa ta da ma'aikaciya mace.

Aikin yi

Ki samu kalanda ko ki ja layuka a littafinki. Ki sa alama a ranar da jini ya fara da ranar da ya ɗauke. A kowace rana ki rubuta 1 in ciwon kaɗan ne, 2 in ya dame ki amma kin yi aiki, 3 in ya kwantar da ke. Ki ƙirga daga ranar farko ta wannan wata zuwa ranar farko ta wata mai zuwa. Yawanci yakan kama tsakanin kwana 21 da 35. Ki yi haka wata 3, ki koya wa 'yarki ta yi nata, ku tafi da takardar ranar da za ku ga likita.