Yadda ake gano ƙofar dibaga da aka bari a buɗe, da yadda ake rufe ta

Duk mai rubuta manhaja ya san daɗin dibaga. Tana tsayar maka da shiri yana tsakiyar aiki, ka leƙa ƙwaƙwalwarsa, ka canza abin da ka ga dama, ka ba shi umarni ya bi. To a nan gizo ke saƙar. Yawancin waɗannan kayan an ƙera su ne a kan cewa mai kwamfutar kaɗai zai yi magana da su, shi ya sa ba sa tambayar kalmar sirri. JDWP, hanyar da dibaga ke magana da shirin Java, bai san wata kalmar sirri ba, haka ma dibagar Node.js. Duk wanda ya iso ƙofar, wato port ɗin da take sauraro a kai, shi da kai ɗaya ne a wurinta.

A nan Kano abin ya fi shafar mu, domin sau da yawa mutum ɗaya ne ke rubuta shafin makaranta ko manhajar lissafin kayan shago, shi ne kuma ke hayar saba, wato kwamfutar da ke riƙe da aikin a intanet, shi ke ɗora aikin da tsakar dare kafin cajin kwamfuta ya ƙare. Ba wani na biyu da zai duba bayansa.

Mataki na farko: duba abin da ke saurare

A Linux rubuta ss -tlnp. A Windows kuwa netstat -ano | findstr LISTENING. Jeri zai fito, amma abin da za ka zuba wa ido shi ne adireshin da ke gaban lambar kowace ƙofa. In ka ga 127.0.0.1, kwamfutar ce kaɗai ke iya magana da kanta ta nan. In ka ga 0.0.0.0 ko tauraro ko [::], duk wanda hanyar sadarwa ta kawo shi zai iya ƙwanƙwasawa. Rabin aikin yana cikin iya bambance waɗannan biyun.

Lambobin da ya kamata gabanka ya faɗi in ka gan su a waje: 9229 ta Node.js, 9222 ta Chrome, 5678 ta debugpy a Python, 2345 da aka saba ba Delve a Go, 5005 ko 8000 da mutanen Java suka saba amfani da su, sai 5555 ta ADB, hanyar dibag ta Android. Mai tsohon Java ya ƙara lura: a Java 8, in ka rubuta address=5005 kawai, ƙofar tana buɗewa ga kowa. Daga Java 9 aka gyara, sai ka sa tauraro da hannunka kafin ta fita waje.

Mataki na biyu: waɗanda ba su da ƙofar kansu

Wannan ne ya fi cin mutane, domin ba zai fito a jerin can ba. Yana shigowa ta ƙofar shafin kansa. Gwajin mai sauƙi ne: buɗe shafinka, ka ƙara wani shirme a ƙarshen adireshin, abin da ka san babu shi. In Django ne kuma shafi mai ruwan ɗorawa ya fito yana lissafa maka duk hanyoyin manhajar, DEBUG yana kan True. A Laravel duba fayil ɗin .env, APP_DEBUG dole ya zama false. A Flask kada ka kuskura ka ɗora aiki da debug=True, domin dibagar Werkzeug tana ba da wurin rubuta Python kai tsaye a cikin burauza.

Ba tatsuniya ba ce. A 2015 ta wannan dibagar ta Werkzeug aka shiga wata sabar gwaji ta Patreon, aka kwashe bayanan mutane sama da miliyan 2. Bayan nan aka ƙara mata lambar PIN, amma masu ita da kansu sun ce kada a dogara da ita a matsayin tsaro. A 2021 aka bayyana CVE-2021-3129 a Ignition, shafin kuskuren Laravel, wanda ke ba baƙo damar gudanar da umarni a saba in an bar yanayin dibag a kunne. A Disamban 2024 kuma aka bayyana cewa Cariad, kamfanin manhajar Volkswagen, ya bar kayan binciken Spring Boot a buɗe, ana iya sauke hoton ƙwaƙwalwar manhaja da makullai a ciki, har bayanan wuraren motoci kusan 800,000 suka fallasa. In kana aiki da Spring, gwada /actuator/heapdump da /actuator/env a shafinka yanzu.

Ka tuna abin da ke cikin saitunanka: kalmar sirrin rumbun bayanai, makullin karɓar kuɗi irin na Paystack, na aika saƙon waya ga iyayen yara. Kamar ɗan kasuwar Kwari ne da ya danna kwaɗo uku a gaba, ya bar ƙofar da 'yan dako ke shigo da dila a wangale.

Mataki na uku: gwada daga waje

Abin da saba ta faɗa maka game da kanta bai isa ba. Kunna hotsifot ɗin wayarka, ka fita daga hanyar ofis, sannan ka yi nmap -p 2345,5005,5555,5678,8000,9222,9229 da adireshin sabarka. Ka kuma sa adireshin a Shodan ko Censys, domin su dama kullum suna zagaye intanet suna rubuta abin da suka tarar a buɗe, kuma ba kai kaɗai ke karantawa ba. Naka kawai za ka gwada, ko wanda mai shi ya ba ka izini a rubuce. Dokar laifukan intanet ta 2015 ba ta san “ai taimako na zo yi” ba.

Wani zai ce shi a maifai yake aiki, ba mai ganinsa daga intanet. Galibi haka ne, kamfanonin waya kan tara masu layi da yawa a bayan adireshi ɗaya. Amma ranar da ka hau waifai na cibiyar koyon fasaha, ko na otal, ko na makaranta, duk wanda ke kan layin maƙwabcinka ne. Kuma yawanci a nan ake sa 0.0.0.0 ɗin, don a gwada shafi a waya, sai a manta.

Mataki na huɗu: rufewa

A sabar da jama'a ke amfani da ita, cire dibagar gaba ɗaya, har da Xdebug ga masu PHP. Inda ba makawa, ɗaure ta da gida: node --inspect=127.0.0.1:9229. Sannan katangar tsaro ta hana komai sai 22 ta SSH, hanyar shiga saba daga nesa, da 80 da 443 na shafin.

Docker yana da tarko a nan, kuma ƙwararru ma na faɗawa. In ka rubuta -p 9229:9229, yana buɗe ƙofar ga duniya, kuma yana tsallake dokokin katangar tsaro ta ufw domin da kansa yake taɓa iptables, wanda ufw ɗin ke aiki a kansa. Za ka duba ufw ka ga komai a rufe, hankalinka kwance, alhali ƙofa na buɗe. Rubuta -p 127.0.0.1:9229:9229.

Idan dole sai ka binciki saba daga nesa, bi ta cikin SSH: ssh -L 9229:127.0.0.1:9229 sunanka@saba. Dibagar tana nan a ɗaure, kai kuma kana isa gare ta da makullinka. In ka gama, kashe ta.

Mataki na biyar: waya da akwatin talabijin

Masu gyaran waya a Farm Centre kan kunna dibag ta USB don aikinsu, ba laifi ba ne, amma in ka karɓi wayarka shiga zaɓukan masu haɓaka manhaja ka kashe shi, ka kuma soke izinin kwamfutocin da aka amince wa. Wanda ya taɓa yin adb tcpip 5555 ya mayar da shi da adb usb. Akwatunan talabijin na Android masu araha wasu a buɗe suke zuwa daga kamfani. Ta wannan ƙofar ta 5555 mugun shirin ADB.Miner ya bi a Fabrairun 2018, ya mayar da dubban na'urori masu haƙar kuɗin Monero.

In ka tarar da ita a buɗe

Kada ka rufe kawai ka yi shiru. Ɗauka cewa an riga an shiga. Canza duk kalmomin sirri da makullan da manhajar ke riƙe da su, duba crontab, jerin ayyukan da saba ke yi da kanta, da fayil ɗin authorized_keys mai makullan shiga, ko an dasa wani abu, ka lura ko injin na cin wuta ba dalili. Ni a ganina gina sabuwar saba ya fi wanke tsohuwa. Sannan ka gaya wa mai aikin gaskiya, ko da Alhaji zai yi faɗa, domin dokar kare bayanai ta 2023 ta ba shi awa 72 daga lokacin da ya sani ya sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, in fallasar na iya cutar da mutanen da bayanansu ke ciki.