Yadda ake kare gona daga giwaye da shingen amya

Manoman ƙauyukan da ke kewaye da gandun dajin Yankari a jihar Bauchi sun san ɓarnar giwa: dare ɗaya garke zai shiga masara, gari ya waye sai karmami. Amma harbi ba mafita ba ne. Doka ta hana, giwayen da suka rage a Yankari ba su fi ɗari da 'yan kai ba, ga shi giwa sai ta yi wata 22 da ciki kafin ta haifi ɗa guda.

Dabarar shingen amya daga Kenya ta fito, inda wata mai binciken giwaye, Dakta Lucy King, ta gwada ta. Duk girman giwa, tana tsoron ƙudan zuma, don yakan harbe ta a gefen ido da cikin hanci.

Da farko, bi sawu da kashi ka gano ta inda giwayen suke shigowa. Nan za ka fara.

Sai ka kafa dirkoki bibbiyu, ka rataye amya a tsakaninsu daidai ƙirjin mutum, yadda za ta riƙa lilo. Tsakanin amya da amya mita 10. Yi wa kowacce 'yar rumfar ciyawa, don zuma ba ta zama a rana.

Ja waya ɗaya ta haɗe amyoyin duka. Giwa na tura wayar da ƙirji, amyoyin su girgiza, zuma ta fito a fusace.

Inda aka fi yin sake shi ne shigar zumar. Amyar da babu kowa ciki ba ta daɗe tana ruɗin giwa, musamman tsohon toro da ya saba. Shafa kaki a ciki, ajiye ruwa a kasko kusa da ita lokacin rani, ka shafa baƙin mai a gindin dirka saboda tururuwa. Kuma tun kafin shuka ake wannan aiki, ba sai masara ta yi goyo ba.

Idan duk da haka suka ƙetaro, ƙona busasshen kashin giwa da aka kwaɓa da barkono ta inda iska za ta kai musu hayaƙin, ka kira ma'aikatan gandun daji. Kada ka kusanci giwa mai ɗa, ko da tocila da gwangwani.

Zumar da ka ɗiba kuwa, kasuwar Alƙaleri na jiran ta.