Yadda zaka gwada jijiyoyin ƙafar mai ciwon suga a gida

Jama'ar Aboabo da Asawase, in akwai mai ciwon suga a gidanku don Allah ku koyi wannan gwajin, ko kwabo ba'a kashewa, yatsanka kawai ake buƙata.

Kaga ji ɗin nan da mukeyi in an taɓa mu, a cikin fata akwai ƙananan bakin jijiyoyi, wasu na taɓi ne, wasu na zafi da sanyi, wasu na ciwo. Suna ɗaukar saƙo su bi jijiya su kai laka, laka ta miƙa wa ƙwaƙwalwa, a can ne ake tantance cewa ƙusa ce ka taka ko tsakuwa. Wani lokacin ma laka bata jiran ƙwaƙwalwa, kana taka garwashi ƙafar ta janye kafin ka san me ya faru. Toh jijiyoyin da suka fi kowanne tsawo sune masu zuwa yatsun ƙafa, kusan mita 1, shiyasa in suga ya daɗe yana hawa su yake fara ci, mutum ya taka kwalba yana sanye da chale wote (silifas) bai ji komai ba, sai ƙafa ta kumbura tana wari a gane, kuma da yawa daga nan ake kaiwa ga yanke ƙafa.

Gwajin daga asibitin Ipswich na Ingila ya fito. Ka sa Baba ko Mma su cire takalmi da safa su miƙe ƙafa su rufe ido, kace duk sanda suka ji taɓi suce "eh". Sai ka ɗora kan yatsanka manuni a hankali a kan babban yatsan ƙafar dama, sakan 1 zuwa 2, ka ɗauke. Sai ƙaramin yatsa, ka koma ƙafar hagu kayi haka, sannan na tsakiya a kowace ƙafa, guda 6 kenan. Kada ka danna kuma kada ka sosa, in basu ji ba kada tausayi ya sa ka maimaita da ƙarfi, nan ne mutane ke ɓata gwajin, dannawa tana tada jijiyoyin ciki sai a ɗauka lafiya lau ne. In a yatsu 2 ko fiye cikin 6 ɗin basu ji ba toh ji ya ragu, a ɗauki katin inshora a tafi kilinik ko asibitin Komfo Anokye a faɗa wa dokta.

Wanda jinsa ya ragu, ido ne zai riƙa yi masa aikin jijiya. Lokacin alwala ya duba tsakanin yatsu da tafin ƙafa ya goge su bushe, ya zazzage takalmi kafin ya sa, ruwan wanka a gwada da gwiwar hannu ba da ƙafa ba. Kuma banda tafiya ba takalmi a farfajiyar masallaci da azahar, siminti yana ƙona ƙafa mutum bai sani ba. Da hunturu in faso ya fara a shafa man kaɗanya a diddige amma banda tsakanin yatsu.