Yadda ake cigiyar ɗan uwa bayan ambaliya

Ruwan madatsar Alau ya shigo Maiduguri da dare ne, wayewar garin 10 ga Satumba 2024, shi ya sa gidaje suka watse. Uwa na sansanin Bakassi, uba ya maƙale a Gwange, yaro ya bi ayarin da bai sani ba, waya kuma ta jiƙe.

Abin da nake fara gaya wa kowa shi ne, kada gida duka ya bazama nema. Mutum ɗaya ya zauna inda aka sauka, kada ya gusa, domin wanda kuke nema shi ma nemanku yake.

Sai a je a rubuta sunansa wurin jami'an sansani da ma'aikatan Red Cross. Red Cross na da sashen haɗa iyalai tare da ICRC, wato kwamitin Red Cross na ƙasa da ƙasa, kuma kyauta ne, duk wanda ya nemi kuɗi ku rabu da shi. A nan ne mutane ke gaggawa, alhali nan ne ya kamata a natsu. A ba da cikakken suna da sunan da ake kiransa a gida, don ƙaramin yaro ya fi amsa "Abba" ko "Ummi" a kan sunan yanka. A faɗi shekarunsa, kayan da ke jikinsa, tabo ko tsagar fuska, da daidai wurin da aka rabu. A bar lambar waya biyu, ɗaya ta wani ɗan uwa da ke garin da ruwa bai kai ba. Daga nan a kai cigiya wurin bulama (mai unguwa), masallaci, gidan rediyo da asibitoci.

Idan za ku sa hoto a Facebook, ku ɓoye wata alama ɗaya tasa da ku kaɗai kuka sani, don ku gwada duk wanda ya ce ya gan shi.

Wanda kuma ya tsinci yaro, don Allah kada ya wuce da shi wani gari, komai kyan niyya. A kai rahoto nan kusa da inda aka gan shi. Kada a miƙa shi ga duk wanda ya ce nasa ne, sai ya faɗi abin da baƙo ba zai sani ba, an kuma ga yadda yaron ya karɓe shi. Almajiri ya fi ba ni tausayi, domin sau da yawa ba mai cigiyarsa a kusa. A tambaye shi sunan malaminsa, ƙauyensu da kasuwar da suke ci.

Kafin watan Agusta, a zaunar da yara su haddace sunan mahaifi, unguwa da lambar waya ɗaya, a kuma tsayar da gidan da za a haɗu idan an rabu.