Yadda Ake Ɗanɗana Zoɓo da Kunun Aya Kafin a Ba da Odar Biki

Masu shirin biki sun yi ta tambayata yadda za su gane abin sha mai kyau a wajen masu haɗawa a gida. Ga matakan:

1. Ki nemi ƙaramar roba ɗaya ta kowane iri: zoɓo, kunun aya da lemon citta.
2. Ki ajiye su minti 10 su huce daga sanyin firji. Sanyi yana ɓoye aibi.
3. Ki duba robar. Hattara: idan ta kumbura ko ta yi tsaki da aka buɗe, abin ya fara lalacewa, kada ki sha.
4. Ki girgiza, domin gari yana kwanciya a ƙasa.
5. Ki shinshina.
6. Ki fara da kunun aya, sai zoɓo, lemon citta a ƙarshe. A nan aka fi kuskure: wanda ya fara da citta, yaji zai kashe masa harshe.
7. Ki kurɓi kaɗan, ki riƙe a baki. Ɗaci bayan zaƙi yawanci alamar sakarin ce, ni dai ba na saye.
8. Ki kuskure baki da ruwa kafin na gaba.
9. Ki tambayi ranar da za a haɗa na bikin. Kunun aya ba ya kwana babu sanyi.